Shafi Ɗaya Na Fi Ta

A Gwammaja nake, layin masu walda,
Tela ne ni, tun ba ni da gemu nake takawa.
'Yata Nasiba, in hadari ya haɗo daga gabas,
Kafin a yi yayyafi ƙashinta ke sanarwa,
Gwiwa ta ɗau zafi, ido ya koma ruwan ɗorawa.

Likita a Murtala ya ce mana sikila ce.
Zango biyu ba ta leƙa ƙofar aji ba.
Takalmin da na sayo mata a Wambai
Yana ƙarƙashin gado, ƙafarta na ta zarcewa.

Luba ce ta fara magana, tana tsame awara:
"Mu zuba ido shekara ta wuce ta a kwance?
Ga bayan faranti, ga gawayi a murhu.
Safiya tawa, magariba taka, ba fasawa."

Na ce to. Ban ce mata gabana ya faɗi ba.
Ita ta gama sakandare, ni daga aji huɗu
Aka miƙa ni shago koyon kalmasa da yankewa.
Inci na sani, yadi na sani,
Nakan dubi kafaɗar mutum in faɗi awonsa ba aunawa.
Amma lissafin rabawa a kan takarda?
Nan allurata ke karyewa.

Sai muka yi dabara.
In yara sun yi barci, an ɗauke wuta,
Ta kunna fitilar waya, ta jingina ta da kofi,
Ta biya mini darasin gobe cikin raɗa,
In na yi kuskure ta toshe baki, kafaɗarta na girgizawa.
Kashegari in zauna, in gyara zaman hula,
In ce, "Nasiba, buɗe shafi na talatin,"
Kai ka ce da shi aka haife ni.
Shafi ɗaya na fi ta. Kamar mai tsallake ruwan lungu,
Bulo guda a gabana, sai na taka nake ƙara ɗorawa.

Da hantsi kuwa tsakar gida ce makaranta:
Awara guda a raba huɗu, a cire ɗaya, saura nawa?
Ƙaninta Mudan ya cinye amsar kafin a gama tambayawa.

Wani daren Talata, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
Ciwon ya motsa. Muka gasa mata, muka shafa,
Muka ɗauka barci ya sace ta.
Ina ta kokawa da bakwai sau takwas,
Na ce hamsin da huɗu, Luba ta harare ni,
Sai murya ta fito daga gidan sauro,
Siririya, haƙora a cije: "Baba, da shida ne."
Na nemi inda zan sa fuskata, ba wurin ɓoyewa.

Ta ce, "Ai tun kafin azumi nake jin ku.
Littafin ma na kai ƙarshensa tuntuni.
Jan ƙafa nake kar in wuce ka,
Zaman magaribar ne ba na so ya zo ƙarewa."

Ban ce uffan ba. Luba ta juya baya
Tana gyara labulen da ba ya son gyarawa.

Yanzu tabarma ɗaya, faranti biyu.
Na daina taɓa hula. Wanda ya riga fahimta
Shi ne malam har zuwa kiran isha,
Kuma sau da yawa ba ni ne ke riga ganewa ba.

Likita ya ce in damina ta ɗauke ta koma aji.
Zan sake shiga Wambai, in nemo lamba ta gaba.
Na roƙe ta, in an taso, ta riƙa rago mini shafi.
Ta ce sai na biya kuɗin makaranta:
Doguwar riga, shuɗiya, mai aljihu biyu,
Na yi tayi, na yi magiya, ta ce ba ragewa.